Layin da Ya Yi Gashi

Talata, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Tawada,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi. Gwiwar Innarki ta matsa mata, sai ta dafa bango take hawa matakalar gida, amma bakinta lafiya lau, ko kaɗan bai rage ba. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni shekara shida da suka wuce, sai dai an ƙara tsufa, an rage daraja.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙata. Ni da ubanki 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma tun rasuwarsa ban neme ki da wata buƙata ba. Yau na zo. Na ji kina aikin shirya shafukan littattafai a maɗaba'a, na ce yarinyar da ta taɓa kifar mini da kwalbar tawada a kan zanen da na yi wata guda ina yi, har sunan ya bi ta, lokaci ya yi da za ta wanke laifinta.

Ga maganar. Shekara talatin da huɗu ina koyar da zanen gini a makarantar nan. Bara aka kwashe allunan zanenmu guda arba'in, aka jibge su bayan ɗakin janareta, ruwa yana dukansu. Aka zuba kwamfutoci a wurinsu. Shugaban Sashe, wanda ni na koya masa riƙe fensir, ya kira ni ofis, ya ba ni kujera mai laushi, ya ce sabon tsari ba ya buƙatar malamin zanen hannu. Amma wai don girmamawa, idan na rubuta littafin da 'yan ajin farko za su bi su koyi zane a kwamfuta, kwamiti kuma ya karɓe shi ranar ashirin da takwas ga Afrilu, zan ci gaba da riƙe ajina. In ba haka ba, ritaya. Yana faɗa yana kallon agogonsa.

Sun zaci zan gudu. Wata biyar na yi gaban na'urar nan, na koyi manhajar da kaina, yatsa ɗaya ɗaya, matasan malamai suna wucewa ta bayana suna tari. Na zana gida mai ɗaki uku tun daga tushe har rufi. Kowane mataki na kai, sai in ɗauki hoton abin da ke kan allon kwamfutar: layuka, lambobin awo, maɓallan da za a danna. Irin waɗannan hotunan allo na tara ɗari da arba'in. Sannan na ari kyamara na bi wuraren gini na ɗauko hotuna sittin: tubali, ƙarafa, kafinta a kan rufi, don ɗalibi ya san layin da yake ja abu ne mai nauyi da zai iya faɗo wa mutum a ka.

Yanzu littafin ya kammala, amma ya yi nauyi. Shafin makarantar da ake ɗora aiki a kai ya ƙi karɓarsa. Sai ya yi ta juyi kamar akuya a turke, can ya tofo mini shi. Tun farko wani ya ce in ajiye kowane hoto a PNG, wai shi ne mai kyau, ni kuma na bi. Na sa miki hotuna goma a filas cikin ambulan ɗin nan, biyar na allo, biyar na kyamara. Ki duba ki gaya mini inda cutar take.

Kada ki kira ni a waya. Maganar da ba ta cancanci tawada ba, ba ta cancanci kunnena ba.

Baffanki.

*

Talata, 11 ga Maris

Baffa,

Na samu wasiƙarka, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, sai ƙaramin da haƙori ya dama. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ta rage hawa da sauka, ko da yake na san ba ta jin magana, a gidanku ta koya.

Na buɗe filas ɗin a wurin aiki, har abokan aikina suka taru a kaina. Babban mai kula da injin bugunmu ya daɗe yana kallon zanen matakalar, ya ce, "Wanda ya yi wannan da hannu ya fara koyo." Na ce masa Baffana ne, ka gyara tsayuwa.

Cutar ba babba ba ce. Hotunanka iri biyu ne, ka ɗura su a tukunya ɗaya.

PNG halinka gare shi, Baffa. Ba ya yafe ko ɗigo. Duk abin da ka ba shi, haka zai riƙe, haka zai mayar maka. Shi ya sa ya dace da hoton allo, inda akwai farin fili da baƙin layi da ƙananan lambobi. Irin wannan hoton ba ya yi masa nauyi, don yawancinsa launi ɗaya ne shimfiɗe. Amma ka ba shi hoton kafinta a kan rufi, da sararin sama da inuwa da tsatsar kwano, launi dubu sun shiga juna, sai ya ce shi fa sai ya haddace kowanne. Nan nauyin ya fito.

JPEG kuwa mai taƙaitawa ne. Yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai nema ba. A hoton kyamara ba a ganewa, don fuska da bishiya da bango suna jure ragi. Amma a kai masa siririn layi a kan farin fili, sai ya rikice, ya bar ƙura-ƙura a gefen layin, ƙananan lambobi su dagule.

Don haka hotuna sittin na kyamara ka mayar da su JPEG, kada ka matse su da yawa. Ɗari da arba'in na allo ka bar su a PNG yadda suke, kada ka taɓa su. Nauyin zai sauka, shafin zai karɓa.

In ka ga abin zai wahalar da kai, ka aiko mini da su duka. Aikin yamma ɗaya ne.

'Yarka, Tawada.

*

Alhamis, 20 ga Maris

Tawada,

Ina gaishe ki. Allah ya sawwaƙe wa yaro. Innarki tana amsawa. Ni lafiyata ƙalau, na gode da ba ki tambaya ba.

"Aikin yamma ɗaya ne." Na karanta layin nan sau huɗu. Wata biyar na yi, 'yata. Na bar cin abincin rana a gida, na bar zaman ƙofa da abokaina, na jure tarin yaran da na girmi iyayensu. Ashe duk wannan yamma ɗaya ce a wurinki, tsakanin shayi da tashi daga aiki. Ai da kin gaya wa Shugaban Sashe, da ya huta da ni tuntuni. Shekarar da na gama makarantar horar da masu zane, ni na zo na ɗaya cikin mutum casa'in, aka manna zanena a allon sanarwa har takardar ta yi ja. Yau ga ni ana yi mini bayani da tukunya, kamar mai koyon girki.

To na gwada maganarki, don ban saba ƙin magana ban auna ta ba. Na ɗauki hoton allo guda, na mayar da shi JPEG, na jera shi da na PNG gefe da gefe. Na duba na dama, na duba na hagu. Babu ƙura, babu dagulewa, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Ku mutanen maɗaba'a kuna son ku nuna akwai asiri a aikinku, kamar makanikin da ke buɗe inji yana girgiza kai kafin ya ga komai.

Akwai wani matashin malami a sashenmu, muna kiransa Mai Kwat, don ko zafi ya kai ina ba ya cire ta. Shi ke jiran kujerata. Ya ga ina fama, ya leƙo ya ce, "Malam, ai akwai maɓalli ɗaya da ke juya su gaba ɗaya." Ya nuna mini, da wani ma'auni da ake ja ƙasa nauyi ya ragu. Na ce ya matsa, na ja shi da kaina har ƙarshe. Hotuna ɗari biyu suka koma JPEG kafin in gyara zama. Na ɗora littafin, shafin ya haɗiye shi bai ko yi tari ba.

Kuma ki sani, ba lalaci ya sa na haɗa su iri ɗaya ba. Ƙa'ida ce. A ofishin zane, kundin gini guda takardarsa girma ɗaya ce, ma'auninsa ɗaya, tawadarsa ɗaya. Ba a kai wa magini rabi haka rabi haka. Ƙa'ida ta biyu kuma, idan sabon zane ya fita, tsohon yaga shi ake yi. Na taɓa ganin an gina matakala da takardar da aka soke, sai da aka rushe ta da guduma, mai gidan yana tsaye yana kuka. Tun ranar ban ƙara barin tsohon kwafi ya kwana kusa da sabo ba. Ƙarshen watan nan za a wanke kwamfutocin ɗakin don sabon zango. Kafin nan zan share tsofaffin hotunan da hannuna, a kwamfuta da filas ɗin da ke hannuna, in bar kundi ɗaya tsaf.

Ki adana yammarki, za ta yi miki amfani.

Baffanki.

*

Laraba, 26 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka da Inna. Muna lafiya. Na ba da wannan ga motar safe don ta iso maka da wuri, don Allah ka karanta har ƙarshe.

Kada ka share tsofaffin hotunan. Ko me za ka yi, kada ka share su. Ƙa'idar takarda daban, ta nan daban. A takarda sabon zane ya fi tsohon. A nan tsohon shi ne na gaske, sabon ragowarsa ce. Ma'aunin da ka ja har ƙarshe, shi ne yawan abin da ka ce a zubar. Abin da JPEG ya zubar kuwa ba ya dawowa. In PNG ɗin suna nan, kome ya lalace za a gyara. In sun tafi, an gama.

A allo hoto yana fitowa ƙarami, aibi yana ɓuya. Ka buga shafi ɗaya kawai a takarda, wanda ke da lambobin awo, ka kai shi bakin taga ka duba. In na yi ƙarya, ka canza mini suna.

Batun yamma ɗaya, wallahi ba aikinka nake nufi ba. Juya hotunan nake nufi, danna maɓalli. Wata biyar ɗinka ba ni da hannun da zai yi shi ko a shekara. Ka yi haƙuri, bakina ya riga hankalina. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka kwafe hotunan a filas ka ba Inna ta ajiye.

'Yarka.

*

Alhamis, 10 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa. Da fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mako biyu ke nan ba amsa. Direban ya rantse mini a hannunka ya sa wasiƙar, wai har ka ce masa takalminsa ya ɓata maka dakali. Na kira wayar Inna sau uku, ta ce ka hana ta miƙa maka, kuma ita ba ta san komai game da filas ba.

Layi ɗaya ya ishe ni. Hotunan suna nan ko ba sa nan?

'Yarka.

*

Talata, 15 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Innarki da sauƙi. Ni ba zan ce miki lafiya ba.

Ba sa nan.

Wasiƙarki ta iso ranar Juma'a, ashirin da takwas ga Maris. Na ga rubutunki a bayan ambulan, na ce ban haƙuri ne, bari ya jira, yarinya ta ɗanɗani shiru. Na sa ta a aljihun tebur ƙarƙashin akwatin kamfas ɗin zane. Ranar Litinin na je makaranta, na share hotunan ɗaya bayan ɗaya, na zubar da kwandon sharar kwamfutar, na wanke filas. Har da zanen gidan kansa, mataki mataki, don na ce aikinsa ya ƙare. Washegari aka wanke na'urorin ɗakin. Na dawo gida ina jin kaina sakayau kamar wanda ya yi aski. Wasiƙarki tana kwance taku biyu daga inda nake cin abinci.

Jiya ofis suka aiko mini da samfurin da aka buga, wanda za a raba wa 'yan kwamiti. Na ajiye shi a kan tebur ina shan ruwa. Innarki ta ɗauka tana juyawa. Matar nan shekara arba'in tana kaɗe ƙura daga zanena, ba ta taɓa cewa komai a kansu ba sai dai sun cika mata ɗaki. Ta tsaya a wani shafi, ta kawo shi kusa da fuska, ta nesanta shi.

Ta ce, "Malam, me ya sa layukanka suka yi gashi?"

Na ce, "Wane irin gashi?"

Ta ce, "Gashi mana, kamar ƙafar ƙuda. Kuma wannan lambar, uku ce ko takwas? Kai da kake korar yaro daga aji don layinsa ya yi rawa?"

Na ce mata tabaranta ne suka yi datti. Ta ce, "Ni ban sa tabarau ba, kai ka sa."

Na ɗauko gilashin ƙara girma, na fita tsakar gida inda rana take. Tawada, ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan a takarda mai ɗauke da sunana ba. Kowane layi da hazo a gefensa. Siririn layin awo da kakkauran layin bango sun zama 'yan uwa, ba ka ce ga wannan ga wancan. Lambobin kaurin bango sun narke kamar an yi musu kuka a kai. Rubutun maɓallan da na ce ɗalibi ya danna, ni da na rubuta littafin ban iya karanta shi ba. Hotunan kyamara kuwa, ko da yake su ma sun ɗan yi dishi-dishi, kafintan yana nan a kan rufinsa, ana gane shi sarai, har yana murmushi.

Sai a lokacin na buɗe aljihun tebur, inda na tura wasiƙarki ta goma ga Afrilu ita ma ban buɗe ba. Na karanta wasiƙunki biyu a tsaye.

Ba na neman ki ce mini komai a kan wannan. Innarki ta riga ta faɗa, da ƙari. Tambaya ɗaya gare ni. Mai Kwat ya ce maɓallin da ya juya su zai iya mayar da su PNG. Idan PNG ba ya yafe ko ɗigo kamar yadda kika ce, in na mayar masa da su, zai dawo mini da layukana? Saura kwana goma sha uku.

Baffanki.

*

Lahadi, 20 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a bakin injin bugu, sai da na nemi wuri na zauna.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Ba zai dawo da su ba. PNG abin da aka ba shi yake riƙewa. Ka ba shi layi mai gashi, zai riƙe maka gashin da aminci, ya ƙara nauyi a banza. Akwai manhajojin da ke goge hoto su kaifafa shi, amma ƙiyasi suke yi. Inda lamba ta narke za su ƙirƙiro wata, a littafin awo kuwa ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Biyar ɗin na allo da ka aiko mini a watan jiya suna nan lafiya a wurina. Su kaɗai suka rage.

Ga abin da nake gani. Ka nemi Shugaban Sashe ya ƙara maka wata biyu. Na yi magana da maigidana da shugabana, zan ɗauki hutu in zo. Kai ka san hanyar yanzu, ba za ta ci wata biyar ba. Kana zana, ina ɗaukar hotunan allon. Ka nuna wa kwamiti biyar ɗin nan su ga yadda aikin yake na asali, na buga maka su a takarda mai kyau, suna cikin ambulan.

Akwai kuma wata magana, in ka so ka sake yin fushi. Ka ce ka jera hotuna biyu ba ka ga bambanci ba. Na yarda ba ka gani ba. Baffa, wasiƙunka tun ina ƙarama ake nuna mana su a gida a ce mu koyi rubutu. Ukun nan da ka aiko, rubutun yana sauka daga kan layi, yana hawa, kai kuma ba ka gyara ba. Yaushe rabonka da likitan ido?

'Yarka da ba ta fasa ba.

*

Laraba, 30 ga Afrilu

'Yata Tawada,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Innarki ta ce in gaya miki gwiwa ta yi sauƙi tunda ta sami abin da ya fi gwiwa ciwo tana yi mini magana a kai. Kada ki ɗauki hutun. Ki bar shi ga yaranki.

Shekaranjiya kwamiti ya zauna. Mutum biyar a ɗakin taro, da ruwan roba a gaban kowa, da samfurin littafina. Na lura uku daga cikinsu ba su ko buɗe shi ba. Na miƙe na ce ina da magana kafin a fara. Na ce hotunan allo ɗari da arba'in sun lalace, laifina ne ba na kowa ba, na faɗi yadda aka yi. Na zagaya da biyar ɗin da kika bugo. Na ce ga yadda ya kamata su kasance, a ba ni wata biyu in sake.

Shugaban Sashe ya yi murmushi. Yaron nan, a ajinsa na biyu, sau bakwai na sa shi ya sake zanen taga guda, don kusurwarta ba ta haɗu ba. Ranar ta bakwai ya yi kuka, amma tagar ta haɗu. Na zaci yau zai rama. Na shirya wa haka, har na ji ina so.

Ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba komai ba ne. Mun karɓa."

Na ce, "Ka buɗe shafi na sittin da biyu, ka karanta mini kaurin bangon."

Bai buɗe ba. Ya ce, "Malam, zango ya riga ya fara, ba lokacin sakewa. Kuma tsakaninmu, yaran yanzu wa ke karanta littafi? Bidiyo suke kallo a waya. Doka ce ta ce kowane darasi ya kasance da littafi a kanta. Ga shi mun samu. Ka riƙe ajinka, Allah ya ƙara girma."

Mai Kwat ya fara tafi. Sauran suka bi shi.

Na tsaya ina kallonsu. Wata biyar, 'yata. Ashe da na kawo musu takardun naɗe ƙosai... a'a, da na kawo musu fararen takardu ɗari biyu da bango mai kyau, da sun tafa. Ba littafi suka nema ba. Sun ba tsoho abin wasa ne ya yi shiru, in ya gaji ya tafi da kansa, in bai gaji ba a bar shi a kusurwa har Allah ya yi ikonsa. Ni kaɗai ne a ginin nan na ɗauka ana jiran layukana.

Na ce, "A cikin yara sittin, ɗaya zai buɗe. Kullum akwai ɗaya. Kai ne ɗayan a shekararku. Shi zai karanta lambar da ta narke, ya yarda da ita don sunana yana kai."

Ya ce, "To Malam, me kake so a yi?"

Na ce a ba ni wata biyu. Ya ce babu. Na ce to na janye littafin. Ya ce in na janye, sharaɗin bai cika ba, kuma hannunsa a ɗaure yake. Na ce na sani, ni na koya masa karanta sharaɗi. Na bi teburin na tattara samfuran biyar daga gabansu, na rubuta takardar janyewa a tsaye, na sa hannu a ta ritaya a ofishinsa. Ya raka ni har bakin ƙofa yana cewa in sake tunani. Ina jin da gaske yake, wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Innarki ta ce girman kai ne ya share hotunan, girman kai ne kuma ya ajiye aikin, wai ita ba ta ga bambanci ba. Na ce mata ta jera su gefe da gefe ta sake dubawa. Ta ce in rufa mata baki.

Jiya na je wurin likitan ido. Yanar ido ce, a duka biyun, ya ce ta fi shekara biyu tana tafiya. Na sani. Tun bara nake gane ɗalibai da muryarsu, ban gaya wa kowa ba don kada maganar ta kai ofis. Za a cire ta dama a watan gobe. Likitan ya ce bayan nan zan ga komai tangaran, har zaren riga. Na ce masa madalla, sai dai ban san abin da ya rage a nuna mini ba.

Biyar ɗin da kika bugo suna kan teburina. Da gilashi nake kallonsu. Layukan tsaf suke, kowanne da kaurinsa. Aikin ya yi kyau, Tawada. Ina so a ce wani ya sani ban da ni da ke.

Wasiƙarki ta gaba ki aiko ta gida, ba ni da akwati a makaranta yanzu. Ki rubuta da manyan baƙaƙe. Zan buɗe ta ranar da ta iso.

Baffanki.